Haƙarƙarin Mai Ruwa

Da yake famfo bai iso unguwar Zahir ba tukuna, Hure mai ƙosai ta saba ganin masu ruwa, amma ba ta san wannan tsoho ba. Ya dire garewani biyu a gindin wani dogon bene, rigarsa a yage. Duk sanda ya ja numfashi, naman tsakanin haƙarƙarinsa yana ɗaga ƙasusuwan, ƙirjin yana buɗewa kamar zugazugi. Ranar da ƙirjin nan ya gaza, saurayi masu gidan za su kira.

Ya dafa haƙarƙarin yana dariya, ya ce musu: "Yalla, mu je, 'yan uwa, saura hawa huɗu!"

"Allah ya taimaka, Baba," in ji Hure.

Sai da ya ɓace a matakala ta saki numfashin da ta riƙe masa. Ƙosai kuwa har ya ƙone.