Takalman Bakin Kogi

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Jidda, ni da maigidan da nake wa tuƙi, za shi Budapest gyaran haƙori. A bakin ƙofarmu a Hindawiyya na sake yin tuntuɓe da takalman Baba. Wata bakwai da rasuwarsa, Umma ta hana a kawar da su. Na ce, "Shi ke nan, Umma, in na dawo sadaka zan yi da su."

Budapest gari ne mai tsabta da shiru. Shayinsu kuwa ruwan zafi ne kawai, ga tsada, kuɗin kofi ɗaya a Jidda ya saya maka ful da tamis, wato wake da gurasa, har ka rage. Maigida bakinsa cike da auduga, ba hira. Kwana huɗu ban ji wanda ya yi mini sallama ba. Kaɗaici ya ishe ni.

A rana ta biyar da la'asar na bi bakin kogi a ƙafa. Can na hango takalma birjik, na maza, na mata, har da na yara. Wallahi raina ya yi fari, don ɗan Jidda in ya ga takalma a tare ya san an tayar da salla. Na ƙara sauri ina neman ƙofar masallaci. Babu komai sai ruwa. Na duƙa na taɓa ɗaya, ashe ƙarfe ne.

Wata tsohuwa na gefe tana saka ɗan dutse cikin wani takalmin mata. Da guntun Turancina na tambaye ta. Ta ce a yaƙin duniya na biyu nan aka riƙa kawo Yahudawan garin, a sa su tuɓe takalma, a harbe su, kogi ya tafi da su. Don tunawa da su aka ƙera waɗannan. Yayar mahaifiyarta na cikinsu.

Na ce, "Wanne ne nata?"

Ta ce, "Babu. Ba ta da kabari, sai na zaɓi wannan."

Jikina ya yi sanyi. Na tuna Umma ba ta taɓa ganin kabarin Baba ba, a wajenmu mata ba sa shiga maƙabarta, takalmansa ne kawai take gani. Sai da na je ƙasar wasu na gane abin da ke bakin ƙofarmu.

Ranar da na dawo, na tarar ta ƙulle takalman a leda. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta ce, "Yalla, maza kai su sadakar."

Na kwance ledar, na goge su da hannun rigata, na mayar da su inda suke.