Ƙullin Ciyawa a Hanyar Tsibiri

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, mu uku. Damina biyu ke nan gero bai yi ba, mutane sun cinye har irin shuka, shi ne gari ya tura mu tafkin Chadi neman irin wake da masara, don an ce masu noman tsibirai sun samu. Daga Kano zuwa Maiduguri ban ga gona mai kara a tsaye ba. A Potiskum muka ci tuwon dawa, malmalar ta ƙanƙance kamar ƙwan zabo, kuɗinta kuwa ya ƙaru.

Kwana biyu muka isa Baga, muka shiga jirgin katako mai inji. A da na taɓa hawa ruwan Nilu, na tsallaka Bahar Maliya, amma can ruwa ne a fili, ido yana ganin gaɓa. Nan kuwa da muka doshi tsibirin sai ciyawa ta fi tsayin mutum, hagu da dama. Matuƙin ya kashe inji ya ɗauki gwangwala, yana turawa yana jin zurfi. Mashigar ba ta fi faɗin zaurena ba, kuma ta rarrabu kamar jijiyar ganye. Sau biyu gindin jirgi ya goge taɓo, ni kuwa carbi bai bar hannuna ba.

Ƙaramin cikinmu yana can baya. Ganin ɗanyar ciyawa a banza ya fi ƙarfinsa, ya zaro wuƙa yana yanka yana cusawa a buhu, wai na jakinsa. Har dariya muka yi masa.

Mun isa tsibirin, mun samu irin. Washegari muka ɗora buhu tara, jirgi ya nutse har kusan baki. Muna shiga ciyawa matuƙin ya tsaya, ya duba nan, ya duba can. Na tambaye shi da Barbarci, ya ce alamominsa sun ɓace. Ashe kan ciyawa matuƙa suke ƙullewa a kowace mararraba. Muka buɗe buhun ƙaramin namu, ga ƙulle-ƙullen nan a ciki.

Iska ta fara tasowa, ruwa yana fantsama kan buhuna. Iri in ya jiƙe ya tashi daga aiki, mu koma gida da me? Na cire babbar rigata na rufe buhu biyu.

"Baba Alhaji, ka ce masa ya bar ni in zauna gaba," in ji ƙaramin namu. "Na san yankan hannuna."

Haka aka yi. Ya durƙusa a goshin jirgi yana neman sabon yanka, a karkace, dab da ruwa. Inda ya gani sai ya ɗaga hannu, matuƙin ya sa shi ya ɗaure sabon ƙulli kafin mu wuce. Sau ɗaya muka kuskure, muka kafe, muka sauka cikin taɓo har ƙugu muna turawa. Sai bayan la'asar muka ga ruwa a fili.

Mun iso gida da buhu takwas a bushe. Na taran ya fara tsira a hanya, aka dafa wa yara. Da ake rabon iri a ƙofar mai gari, kwano biyu biyu, na gaya musu abin da na koyo da tsufana: a ƙasar da ba taka ba, ko ciyawa ka gani, tambayi mai ita kafin ka miƙa hannu.