Bahagon Karmo

Duk mai sayen nama a kasuwar Karmo ya san Manniru, mahaucin nan mai ƙarancin magana. Kaɗan ne suka san hagunsa ya taɓa kwantar da maza a gidan damben Dei-Dei.

Daga Kaura Namoda ya zo yana ɗan shekara ashirin da biyu. Shekara tara ana naɗa masa kara a hannu, kalangu na kiran sunansa, har ranar da tipa ta ture babur ɗin da yake kai a hanyar Gwagwa. Wuyan hannunsa na hagu ya karye gida biyu. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya haɗe a karkace. Tun daga nan bai sake taka gidan dambe ba, ko don kallo.

Wata Asabar wani mai saye ya tsaya yana ƙare masa kallo.

"Oga, ba kai ne Bahagon Kaura ba?"

"Kilo nawa za a sa maka?" in ji Manniru, ko kai bai ɗaga ba.

Sunan mutumin Thaddeus, ɗan Pankshin, yana horar da 'yan MMA a wani ɗakin motsa jiki a Garki. Ya ce faɗa ne da ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji, kuma kullum sai ƙara karɓuwa yake a ƙasar.

"'Yan wasana sun iya shuri, sun iya kayarwa. Hagu irin naka ne babu. Ka zo ka koya musu."

Sai da ya dawo sau uku kafin Manniru ya yarda.

Wadda aka ba shi bahaguwa ce, Prudence, ma'aikaciyar jinya daga Orozo. Da farko ya ɗauka raini ne. Da ya ga yadda take dukan buhu sai ya ja bakinsa ya tsuke.

"'Yata, naushi ba daga hannu yake fitowa ba, daga ƙugu yake. Sake."

"Baba, na gaji."

"Wadda za ki kara da ita ba ta gaji ba. Sake."

Wata huɗu suna haka. Ranar gasa, da la'asar, zaure ya cika, tutocin kore da fari ko'ina. A turmi na biyu Prudence ta murɗa ƙugu ta saki hagu, abokiyar karawarta ta zube. Wuri ya kaure da ihu. Manniru ya miƙe tsaye yana jiran makaɗi ya juya kiɗa, maroƙi ya wage murya. Sai lasifika kawai ta ci gaba da waƙarta. Ya zauna a hankali, yana jin kamar shi ya yi kisan.

Da mutane suka watse, ya roƙi Thaddeus ya buɗe masa kejin. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Ƙasan da laushi, ba yashi. Ya zagaya sau biyu, ya karkace kafaɗa, ya gyara tsayuwa.

"Koci, akwai ajin 'yan shekara arba'in?"

Thaddeus ya dubi karkataccen wuyan hannun nan nasa.

"Bari kawai," in ji Manniru, yana murmushi. "Tambaya ce."

Bai fito ba har ma'aikata suka zo kwance kejin. Ya kama musu ƙarafan zuwa mota, sannan ya tambayi Thaddeus ƙarfe nawa zai zo ranar Litinin.