Dillaliyar da ta ce mini tukuna

Shekarar da na fara aiki a tashar jirgin ruwa ta Lome, zamanin jam'iyya ɗaya, na tara 'yan kuɗi, na shiga neman mai nuna mini inda zan zuba su. Duk dillalin da na tunkara a unguwar Zango sai ya ce, "Kawo, riba tabbas." Gwaggona ta tura ni wurin wata tsohuwar dillaliyar atamfa a bayan masallacinmu, Allah ya jiƙanta.

Na ce mata atamfar jam'iyya zan sara, tunda ita kowa ke ɗaurawa ranar fareti.

Ko kallon kuɗin ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, in an gama rawa, wa zai ɗaura ta zuwa suna? Tukuna. Zauna ka ga zanen da mata ke komowa su sake shafawa."

Duk Asabar ina kan tabarmarta, ina cika ina batsewa, har damina ta wuce. Nan na koyi sari.

Yanzu masu ba da shawarar jari har ta waya suke nemana, da Faransanci mai zaƙi. Ban sake jin wanda ya ce mini tukuna ba.