Birkin Yatsa Ɗaya

Ƙanena da ke Jamus bai taɓa aiko abin da ya dace da gidanmu ba. Ya taɓa aiko mana rigunan sanyi, a wannan Akara da ko dare gumi muke yi. A shekarar da nake magana, keken hawan dutse ya sako a kwantena.

Gaskiya keken ya yi kyau. Da hannu ɗaya kake ɗaga shi. Tayoyinsa masu kauri ne, da haƙora, gabansa kuma yana lotsawa in ka faɗa rami ya dawo da kai a hankali. Amma birkin ne ya tsorata ni. Mai ne ke aiki a cikinsa, ba waya ba. Na gwada shi a ɓoye a tsakar gida, na taɓa da yatsa ɗaya, sai da haɓata ta kusa dukan ƙarfe.

A gidanmu, sabon abu Baba ke fara taɓawa ya sa albarka. In takalmi ne ya zura ƙafa, in keke ne ya hau. Shi kuwa tun samartaka keken da ya sani birkinsa matacce ne. Sai ka matse da dukkan ƙarfinka, ka ja silifa a ƙasa, sannan ya yi shawarar tsayawa.

Bayan la'asar Baba ya fito da jallabiyarsa, abokansa na masallaci sun jeru a benci suna kallo. Na matsa kusa na ce, "Baba, birkin nan yatsa ɗaya ne fa."

"Kai, tafi can," ya ce. "Ina tuƙa keke tun uwarka bai san hanyan kasuwa ba."

Tsofaffin suka yi dariya.

Layinmu na unguwar Mamobi gangara ne, ƙarshensa babbar kwata, bayanta titin da motocin haya na tirotiro ke tsere. Baba ya taka sau biyu, keken ya ɗauke shi. Tsohon kekensa sai an roƙe shi yake gudu, wannan kuwa ba ya jira. Na bi shi a guje, takalmina ɗaya ya fice, ina ihun "Yatsa ɗaya, Baba!" Mata masu tuyar ƙosai suka janye yaransu. In bai tsaya ba kwata ce, in ya matse yadda ya saba kuma na san abin da zai faru. Ban san wanne zan roƙa a wurin Allah ba.

Ya matse. Keken ya ƙame, Baba ya wuce ta samansa.

Na same shi kwance a gefen kwatar, hularsa a cikin ruwa, ba ya motsi. Na durƙusa ina kiran sunan Allah, ina tsoron taɓa shi, har ya buɗe ido. Kafaɗarsa ta sauka wani iri, goshinsa na jini. Can sama abokansa sun taso, suna gangarowa da sandunansu.

Ya dube su, ya dube ni. Mutumin da bai taɓa neman taimakona ba ya riƙe wuyan rigata.

"Ɗaga ni maza," ya ce a hankali. "Kar su zo su same ni a ƙasa."