Ranar da Aka Yi Makokin Maman Kene

A Zuru ba mai kiranta Nkiruka. Harshen mutanen garin ya gwada sunan ya ga da wuya, sai aka jira ta haifi ɗan fari, daga ranar ta zama Maman Kene, kowa ya huta. Ta zo garin tana amarya shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, a bayan mijinta Nwankwo mai sayar da kwanon rufi da ƙusa, ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa. Suka kama haya a unguwar Rikoto, ya buɗe mata ɗan shago na manja da agushi da busasshen kifi, ya ce ta yi haƙuri, 'yan shekaru kawai za su yi su koma. Duk ɗan kasuwar da ya zo daga kudu haka yake faɗa wa matarsa.

Wadda ta ɓata wannan lissafi ita ce maƙwabciyarta Magdalene, 'yar Dabai, mace mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake ji daga ƙetaren titi. Ita ce mai kiɗan tulu a Zumuntar Mata ta cocinsu na Katolika. Ta ga baƙuwa na zama ita kaɗai a ƙofar ɗaki kullum da yamma, sai wata Alhamis ta kama hannunta ta ja ta zuwa taron Zumunta, ba tare da ta tambaye ta ko tana so ba. Sauran matan Ibo Mas ɗin Turanci suke zuwa, wato sujadar da ake yi da Turanci, suna da ƙungiyarsu. Maman Kene kuwa ta zauna cikin matan Dabai da na Kanya da na ƙauyukan bayan dutse, waɗanda su ma C'lela ne harshensu na gado, Hausa ta haɗa su ne a coci da kasuwa. Ba wadda ta isa ta yi wa wata dariyar Hausa, amma duk da haka sai da suka yi mata.

Daga bakin waƙoƙin coci ta koyi harshen, shi ya sa Hausarta ta fito da kayan Lahadi. Mai ciniki ya taya mata kifi da arha, sai ta ce, "Ya ɗan'uwa, ka tuba." Har ta tsufa ba ta raba "ka" da "ki" ba. Fada, limamin cocin, da kansa ta sha ce masa "kin zo lafiya?", shi kuma ya amsa, don ya san gyaran ba ya kamawa. Murya dai ba ta da ita, wannan ko masoyinta ba zai yi gardama ba. Amma in Magdalene ta dafa bakin tulu, ƙafar Maman Kene ce ke fara amsawa. Ta yi rawa a bikin 'ya'yan matan nan, ta kwana gidajensu ranar mutuwa, ta ci tuwon dawa har ta daina tambayar sakwara. Duk Kirsimeti in 'yan'uwanta suna ɗaure kaya, ita ma takan ce za ta tafi gida, amma ba ta cika mako biyu a can take fara jin kewar ƙurar Rikoto da gardamar Zumunta.

Bara da damina Nwankwo ya faɗi a shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A al'adarsu ba a binne magidanci a baƙon wuri, don haka aka ɗauki gawarsa zuwa ƙauyensu da ke bayan Anaca, Maman Kene ta bi shi. Aka daɗe kafin a yi jana'iza, aka binne shi a tsakar gidan da ya gina bai taɓa zama cikinsa wata guda cur ba. Aka aske mata kai, ta sa fararen kayan takaba. Bayan haka hawan jini ya kwantar da ita asibiti, labari ya iso Zuru, Zumunta ta yi ta addu'a.

Da ta samu sauƙi dangi suka zauna, suka yanke cewa zamanta a arewa ya ƙare. Ɗanta Kenechukwu yana aiki a Anaca, shi zai riƙa duba ta. Ba ta yi musu ba, don kowace safiya takan share kabarin mijinta ta ba shi labarin abin da ya faru jiya, kuma ba ta ga yadda za ta bar shi shi kaɗai ba. Sai dai in ta durƙusa addu'a a cocin ƙauyen, da Hausa addu'ar take fitowa, matan da ke kusa su juyo suna kallonta. Kewar Zuru ta hana ta sakat. Ta ce wa ɗanta ta yarda, amma ita da kanta za ta je ta kwashe shago ta yi sallama, ba za a yi mata aike ba.

To, shi Kenechukwu tun yana ɗan ƙarami aka tura shi makaranta wurin kakarsa, Hausar da ta rage masa ta yara ce. Ranar Asabar da ya sa uwarsa a mota, ya kira Katikis Dominic, malamin cocinsu na Zuru, don ya shaida masa. Ya tattaro iyakar Hausarsa ya ce, "Baba, Mama ta koma gida. Ta gaji sosai, yanzu ta huta. Ba za ta zauna da ku kuma ba." Kafin ya ƙara da cewa tana hanya, layi ya yanke.

Gida a bakin Ibo ƙauyen uba ne. Amma a bakin Kiristan Zuru, wanda ya koma gida ya huta ba a sake ganinsa sai a gaban Ubangiji. Katikis ya zauna a kan dakali ya cire hularsa. Ya kira wayar Maman Kene ya ji ta a kashe, don cajinta ya ƙare tun kafin motarsu ta yi nisa. Da safe a Mas ɗin Hausa ya tashi lokacin sanarwa ya ce Allah ya kira 'yar'uwarmu Maman Kene. Coci ya ruɗe da kuka.

Da yake ba gawa ba kabari, matan suka rasa inda za su kai kukansu, sai suka kai shi ƙofar ɗakinta da ke kulle. Suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, sanye da ankon Zumunta, Magdalene ta aje tulu tsakanin ƙafafunta. Maƙwabta Musulmi ma suka zo gaisuwa, har da Haladu mai shayi, wanda suka shekara ashirin suna faɗa da ita a kan ruwan wanke kofi da yake zubarwa a gaban shagonta.

Da la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke ta a bakin layi, jiki duk ya yi tsami da hanyar Kontagora. Ta ji waƙar rakiya, wadda ba a yi sai an yi rashi. Ta tsaya bayan katanga tana lissafa tsofaffin Zumunta a zuci, tana tunanin wacece a ciki. Waƙa ta tsaya, sai ta ji muryar Magdalene tana magana cikin kuka.

"Macce ce mai faɗa, kowa ya sani. Amma ran da ɗana ya rasu, ita ta wanke ni kamar jinjira, ita ta ba ni abinci a baki. Ba uwa ɗaya munka fito ba, ba harshe ɗaya ba. Ko sallama ba mu yi ba, ya Yesu, ko sallama!"

Maman Kene ba ta iya ƙara jira ba. Ta zagayo da jakarta a hannu, fari fat tun daga ɗankwali har zane, ta rame, idanu sun faɗa, ta ce, "Jama'a, wa ya mutu?"

Abin da ya biyo baya har yau ana ba da labarinsa a Rikoto. Wata ta tsallake mutum uku a zaune. Wata ta shige ɗakin da ba nata ba ta datse ƙofa. Haladu ya ja salati ya bar takalmi ɗaya a kan tabarma, Katikis kuwa ya ɗaga rosari, carbin addu'arsa, sama yana ja da baya. Magdalene kaɗai ta rage, ba don jarumta ba, gwiwoyinta ne ba sa tashi da gaggawa. Ta rungume tulu ta ce, "Maman Kene, in ke ce, mi kika dawo nema? Ba mu riƙe miki komai ba."

"Magdalene, ka haukace ne? Ni ce!"

Jin wannan "ka" ɗin ne ya sa Magdalene ta saki tulu, don ta tabbata ko fatalwa ba za ta kwaikwayi wannan ba. Ta miƙa hannu ta mintsini damtsenta da ƙarfi, Maman Kene ta yi ƙara ta kai mata duka. Sai suka ƙanƙame juna suka zube a tabarma, kuka da dariya sun cakuɗe, ba mai iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare. Da aka gano bakin zaren, Maman Kene ta ce a garinsu wanda aka yi wa kuka ya dawo sai an watsa masa ƙasa kafin ya shiga ɗaki. Matan suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗebi ƙasar tsakar gida ta watsa mata, har fararen kayan suka koma ja. Ita ta tsaya ta rufe ido tana karɓa, ba ta kakkaɓe ba.

Fada ya ce Mas ɗin da aka shirya yi mata ba zai tafi a banza ba, a mai da shi na godiya. Ranar coci ya cika har waje. Da aka zo kai baiko Zumunta ta sa ta a tsakiya, ita kuwa mai takaba ce, bai kamata ta yi rawa ba. Ta yi taku biyu a natse, tulu ya yi magana, ƙafa ta ƙi jin shawara. Tana cikin juyi idonta ya faɗa kan bencin da Nwankwo yake zama duk ranar da ta matsa masa ya zo Mas ɗin Hausa, yana gyangyaɗi yana musun cewa barci yake. Hawaye suka zubo mata, ba ta tsaya ba, matan ma ba su tsayar da ita ba. Tun da ya rasu ba ta yi kuka mai daɗi irin wannan ba.

Washegari suna ɗaure kayan shago, ta zauna a kan buhun agushi ta ce, "Ba zan iya ba. Zan kira Kene in ce na fasa."

Magdalene ta ci gaba da ƙulla igiya, ba ta ɗago ba. "In kin zauna, wa za ya share wa Baban Kene wuri? Ke da bakinki kika ce kullum sai kin gaishe shi."

"To ku fa?"

"Mu mun riga mun yi namu. Ki duba, ran da abin ga za ya zo da gaske, ba mu iya zuwa can, hanya ta yi nisa, ƙafafu sun tsufa. Wanga shi ad damuwata tun da kunka tahi. Sai ga shi Allah ya kawo mana ke, munka yi kukanki kina tsaye kina ji. Wa aka taɓa yi wa haka? Ba sauran bashin hawaye tsakaninmu. Ki tahi wurin mijinki."

Maman Kene ta dubi kayan shagon da suka ɗaure. Tana son kabarin can, tana son matan nan, kuma ba motar da za ta ɗauke mata ɗaya ta kai wa ɗayan. Ta tashi ta kama ɗaya bakin igiyar suka ɗaure buhun tare.

Ranar tafiya Zumunta ta raka ta tasha da kiɗa, bisa sharaɗin da Magdalene ta kafa cewa duk wadda ta yi kuka za a ci ta tara. Fasinjoji suka ɗauka amarya ake kaiwa. Da direba ya tayar da mota, Maman Kene ta leƙo ta taga ta kama hannun ƙawarta.

"In kun sake jin labari, kar ku yarda da kowa. Ka kira ni tukuna."

"Za mu kira," in ji Magdalene.

"In ban ɗauka ba fa?"

Magdalene ta dube ta, ta gyara zaman tulu a ƙugunta.

"Sai mu ce ba sabis a garinku. Mu sake gwadawa gobe."

Mota ta ja, hannuwansu suka rabu.