Jarrabawar da Na Ci a Gonar Mai Gari

An ce ba ya yiwuwa. Daraktan lakol ɗinmu, wato makarantar boko, ya faɗa, magatakardan buro, ofishin gwamnati na Gazawa, ya faɗa, har wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da bai taɓa riƙe alli ba sai da ya tofa albarkacin bakinsa: wai monite ba zai zauna a ƙauye, a ajin zana, ya ci jarrabawar zama cikakken malami ba. Suka ce duk mai son takardar malanta dole ya tattara nasa ya nasa ya koma bencin ɗalibai. Ni kuwa na zauna, na kuma ci. Yau da shekaru suka ba ni izinin yin alfahari ba tare da an kira shi rashin kunya ba, zan faɗi yadda aka yi.

Monite, ga wanda bai riski zamanin ba, shi ne mataimakin malami. Ƙasa ta sami ƴancin kai, lakoloci suna ta tsirowa, malamai ba su isa ba, don haka duk wanda ya fito da sartifika sai a miƙa masa alli da ƙananan yara. Haka aka tura ni ƙauyenmu na asali, tsakanin Gazawa da Agye. Aji biyu gare mu. Na manya ginin laka ne, darakta ke riƙe da shi, wani dogon mutumin Dahome wanda ko rijiya za shi sai ya goge takalminsa. Nawa rumfa ce ta zana, awaki suna ci daga waje muna karatu daga ciki. Mutanen gari suna ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

A shekarata ta uku takarda ta zo daga buro, ta shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko, monite ya bar ajinsa ya tafi makarantar horon malamai, can nesa, ya koma ɗalibi na ƴan shekaru. Ta biyu, ya zauna inda yake, a riƙa aiko masa darussa ta gidan waya, ya je Maraɗi ya rubuta jarrabawa. In ya tsallake, sufeton lakoloci ya zo ranar da ya ga dama, ya zauna a bayan aji, ya ga yadda yake koyar da lissafi da waƙa da motsa jiki.

Darakta bai ɓata lokaci ba. “Ƙanena, ka tafi,” in ji shi. “A can akwai littattafai, akwai malamai. A nan me gare ka? Awaki. In ka tafi, ni zan rubuta a rufe ajinka har a sami wani.”

Wannan kalma ta rufewa ita ta kai ni zauren mai gari. Dattijo ne mai son raha, amma ranar bai yi dariya ba.

“Mushe, ɗana,” ya ce, “ka san wahalar da muka sha kafin iyaye su saki yaran nan. Kakanka daga Katsina ya zo, tare da kakana suka haƙa rijiyar farko. Kai muka ba ƴaƴanmu, ba gwamnati ba. In rumfar ta rufe wata ɗaya, ko da ganga ba za ka sake tara su ba.”

Na koma gida kaina yana juyawa. Ina son takardar kamar raina, ina kuma son ajina. Mai ɗakina ta saurare ni har na gama, sannan ta tambayi abu ɗaya: shin a can ɗalibai gajeren wando suke sawa? Na ce haka na ji. Sai ta buɗe akwatin ƙarfe, ta zaro tsohon wandona na lakol, ta ce, “Gwada mu gani, Mushe.” Na gwada. Ya tsaya a cinya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta zauna daɓas a bakin gado tana dariya har da hawaye, ta ce, “To, wannan ne za su ce wa tashi ka gaida malam?” Na daɗe ina gaya wa mutane cewa maganar mai gari ce ta tsayar da ni, kuma gaskiya ne. Amma wandon ma ya yi nasa aikin. Washegari na cike takardar hanya ta biyu.

Daga nan kowace Alhamis, ranar da babu lakol, sai in hau keke zuwa gidan waya na Gazawa, in kai aikin da na yi in karɓo wanda aka gyara. Na farko ya dawo jajir da tawada kamar an yanka kaza a kansa. Mu ƴan tsohon karatu hadda muka iya, don haka na haddace komai: dokokin nahawu, awon fili, har ƙa'idojin jarrabawar kanta, layi bayan layi, ina taka keke ina rerawa. Na je Maraɗi na rubuta. Da sunana ya fito cikin waɗanda suka tsallake, na taka keken nan daga Gazawa zuwa gida ban san akwai rairayi a hanya ba.

Saura zuwan sufeto. Muka sake zana, muka share fili, yara suka haddace waƙa. Na kuma tsananta dokar sambol, wato ƙahon akuya a igiya da ake rataya wa duk yaron da ya yi Hausa a lokacin karatu, shi kuma ya yi ta sauraro har wani ya yi kuskure ya miƙa masa. A yau ina jin nauyin wannan al'ada. A lokacin doka ce, kuma na bi ta. Wata guda muna jira, sufeto shiru.

Sai ruwan shuka ya sauka, ranar Talata da la'asar, ruwa mai yawa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da washegari ke nufi: ba kasuwa, ba ziyara, ba lakol. Mai ƙafa biyu duk yana gona kafin ƙasa ta bushe. Da safe na buga ƙarfe don sauke nauyi kawai, ko yaro ɗaya bai leƙo ba. Na naɗe wandona har gwiwa, na saɓi sungumi zan tafi ƴar gonata, sai ga mota ta tsaya a gindin gawon lakol.

Sufeto ya fito, mutum matsakaici, ɗan ƙasa, fararen tufafi, jaka a hannu. Ya dubi rumfa, ya dubi benci babu kowa, ya dubi ƙafafuna. Da Faransanci ya tambayi darakta ina monite. Darakta ya nuna ni da ɗan yatsa kamar mai nuna ɓarawo.

“Babu aji, babu jarrabawa,” in ji sufeto. “Sai baɗi.”

Baɗi! Na ji sungumin ya yi nauyi a kafaɗata. Amma hadda ba ta yar da mai ita. Bakina ya buɗe da kansa, na karanto masa ƙa'idar daga farko har ƙarshe, na nuna cewa ta ce a yi darasi a gaban ɗaliban mai jarrabawa, ba ta ambaci rufi ko bango ba. Ya ɗaga gira. Ya dubi agogonsa, ya ce da azahar zai juya kafin hanya ta ƙara lalacewa; in na samo ɗalibai, shi zai zauna ko a kan tururuwa ne.

Na ruga gonar mai gari, na durƙusa ina haki. “Ranka ya daɗe, a taimake ni da yaran, awa ɗaya tak!”

“Yau? Babu uban da zai cire yaro daga shuka, ko ni ban isa ba.” Ya shafa gemu, idonsa ya fara ƙyalli. “Amma fa gonata ma gona ce. Yaron da ke shuka a nan, wa zai ce ya bar shuka?”

Aka buga ganga. Kafin a jima sai ga yaran suna ɓullowa ta kowace kusurwa, laka har gwiwa, kowa da ƙwaryar iri. Aka kawo wa sufeto turmi aka kife ya zauna. Darakta ya tsaya a gefe yana duban takalminsa cikin baƙin ciki.

Ban taɓa koyarwa kamar ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Na shiga gaba da sungumi ina sara, taku ɗaya rami ɗaya, yara a jere a bayana suna zuba iri suna rufewa da diddige, suna ƙidaya da ƙarfi cikin Faransanci. A ƙarshen layi na tsaya: rami kaza a layi, layi kaza muka yi, rami nawa ke nan? Suka duƙa suna rubutawa da yatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da na yi wata biyu ina fama da shi a allo, sai ga shi hannuwa sun tashi kamar karan dawa. Na sa aka auna taku da igiyar mita. Muka rera waƙarmu a kan tafiyar shukar, ƙafa tana faɗuwa daidai da amo, matan da ke gonakin kusa suka ɗauki guɗa ba tare da sun san me ake cewa ba. Ni kaina na manta da jarrabawa. Ina sara, ina waƙa, ina tsalle.

Ashe murna ta sa ina zurfafa sara. Ban ankara ba sai na ga sufeto ya ajiye alƙalami, ya tuɓe takalma, ya tako cikin gona, ya leƙa wani rami. Sai da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Gobir, ya daka mini tsawa: “Kai Mushe! Hatsi kake shukawa ko kabari kake gina mishi? Wannan ai ba ya fitowa!”

Wata yarinya ƴar gaban layi, wadda ƙahon ke wuyanta tun jiya, ta dube shi, ta dube ni, ta cire igiyar a hankali, ta je ta durƙusa cikin ladabi ta miƙa masa da hannu biyu.

Darakta ya dafe kai. Ni kuwa na ga takardata tana tashi sama kamar tsuntsu. Sufeto ya kalli ƙahon, ya daɗe yana kallo. Sai ya sunkuya, yarinyar ta rataya masa, ya miƙe da shi a kan farar rigarsa, ya ce da Faransanci doka doka ce. Daga nan dariya ta ƙwace masa. Mai gari ya faɗi zaune, yara suna birgima a laka, har darakta aka ji muryarsa. Sufeto ya karɓi sungumin ya yi layi guda da kansa don in ga zurfin da ya dace, sannan ya wanke ƙafa, ya zauna a kan turmi ya yi rubutu mai tsawo.

Da zai shiga mota ya mayar mini da ƙahon, ya ce, “Lissafi ya yi, waƙa ta yi. Motsa jiki kuwa ya wuce kima. Noma ne ka faɗi, amma ba ya cikin jarrabawa.” Ya miƙa mini hannu. Na koma gida a guje, na tarar mai ɗakina ta shuke ƴar gonarmu ita kaɗai, tana jiran bayani. Mai gari kuwa, a wannan shekara gonarsa ce ta fara tsiro, kuma har ya bar duniya yana tambayata yaushe sufeto zai dawo.

Takardar ta iso bayan watanni, da hatimi da sa hannu, ɗauke da ranar da wani magatakarda ya ga damar bugawa a babban birni. Tana nan a bango, jikokina suna karanta ta. Amma ba ranar na zama malami ba. Wanda zai rubuta tarihin gidan nan, ya rubuta haka: ranar Laraba, washegarin ruwan shuka, damina ta huɗu bayan ƴancin kai, kafin azahar.